Godiya a Tsakiyar Rashi: Bikin Godiya na Amurka da Tushensa a Addinin Kirista

A ƙasar Amurka, makonnin da ke tsakanin ƙarshen Nuwamba da 25 ga Disamba lokaci ne da ganyaye suka gama zubewa, rana ta gajarta, sanyin hunturu ya fara kankama. A cikinsu ne ake yin Bikin Godiya, sannan majami'u su shiga Lahadi huɗu na jiran Kirsimeti. Wannan maƙala ta dubi yadda godiya ta zama ginshiƙin wannan lokaci, da kuma abin da Kirista ke nufi da ita.

Kalmar da ɗariƙar Katolika da wasu ɗariƙu ke kiran Jibin Ubangiji da ita, wato Yukaris, daga Girkanci ta fito, ma'anarta kuwa godiya. Ke nan babbar ibadar Ikilisiya sunan godiya take ɗauke da shi. A Linjilar Luka, sura ta 17, an kawo labarin kutare goma da Yesu ya warkar, amma ɗaya ne tak ya dawo ya gode, shi ma Basamariye ne, mutumin da Yahudawa ke gani bare. Manzo Bulus kuma ya umarci Tasalonikawa da su riƙa godiya a kowane hali, ba sai lokacin yalwa ba.

Wannan batu na ƙarshe shi ne mabuɗin tarihin bikin. Turawan da suka iso gaɓar Massachusetts cikin jirgin Mayflower a 1620 su 102 ne, kuma kusan rabinsu ba su ga ƙarshen hunturun farko ba. Da kakar 1621 ta yi kyau, waɗanda suka rage suka yi walimar kwana uku tare da mutanen Wampanoag kimanin 90 da sarkinsu Massasoit. Wampanoag ɗin ne suka taimaka musu da dabarun noman masara. A ganin marubucin wannan maƙala, duk wanda ya karanta labarin a matsayin shagalin cin talotalo ya bar zuciyar maganar: mutanen da suka binne matansu da 'ya'yansu watanni kaɗan kafin nan su ne suka zauna cin abincin.

Haka abin ya sake kasancewa a 1863. Shugaba Abraham Lincoln ya ayyana ranar godiya ta ƙasa ana tsakiyar yaƙin basasa, wata uku bayan gwabzawar Gettysburg, bayan Sarah Josepha Hale ta shafe shekaru tana rubuta wa shugabanni wasiƙu a kan haka. Sanarwar ta haɗa godiya da tuba da addu'a ga zawarawa da marayu.

Daga baya kasuwa ta shigo. A 1939 Shugaba Franklin Roosevelt ya matso da ranar da mako guda don a tsawaita sayayyar Kirsimeti, lamarin da ya jawo ce-ce-ku-ce, har majalisar dokoki ta tsayar da Alhamis ta huɗu ta Nuwamba a 1941. Yau washegarin bikin ita ce ranar rububin rangwame a kantuna. Abin lura ne (kuma malaman majami'a da dama sun lura) cewa mutum ya gode da abin da yake da shi ran Alhamis, ran Juma'a ya yi sammakon neman abin da ba shi da shi.

Akwai kuma waɗanda ranar ba ta yi musu daɗi. Tun 1970 wasu 'yan asalin ƙasar ke taruwa a Plymouth a wannan Alhamis ɗin suna zaman makoki, don tuna ƙasar kakanninsu da aka ƙwace da rayukan da suka salwanta. Dutsen da suke taruwa a kansa yana kallon gaɓar da Turawan suka sauka.