Yadda rikicin bashin Girka ya girgiza kasuwannin kuɗi na duniya

Tattalin arziƙin Girka bai kai kashi uku cikin ɗari na jimlar tattalin arziƙin ƙasashe masu amfani da kuɗin euro ba, amma daga shekara ta 2009 zuwa 2012 basussukan ƙasar sun hana shugabannin Turai barci, sun kuma jefa kasuwannin kuɗi na duniya cikin zaman ɗar-ɗar.

Lamarin dai ya faro ne a watan Oktoban 2009, lokacin da sabuwar gwamnatin George Papandreou ta bayyana cewa giɓin kasafin kuɗin ƙasar ya zarce abin da aka sanar tun farko nesa ba kusa ba. Daga bisani aka tabbatar cewa ya haura kashi 15 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, alhali ƙa'idar Tarayyar Turai ita ce kashi uku. Ganin haka, masu ba da rance suka tsawwala kuɗin ruwa, har sai da Tarayyar da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, suka ware wa Girka rancen euro miliyan dubu 110 a watan Mayun 2010.

Masana tattalin arziƙi kan kwatanta irin wannan rikici da annoba, wadda ke bin hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ta bankuna. Da yawa daga cikinsu, musamman na Faransa da Jamus, suna riƙe da takardun bashin gwamnatocin da ke cikin matsala, kuma idan darajar takardun ta faɗi, sai bankuna su fara shakkar juna, su daina bai wa juna rance. A watan Oktoban 2011 ala tilas gwamnatocin Faransa da Beljiyam suka kai wa bankin Dexia agaji, kana a ƙarshen watan kamfanin hada-hadar kuɗi na MF Global da ke Amurka ya durƙushe, sakamakon jarin da ya zuba a basussukan gwamnatocin Turai.

Hanya ta biyu ita ce ta tsoro. Mai jarin da ya yi asara a ƙasa ɗaya yakan janye kuɗinsa daga duk ƙasar da yake ganin ta yi kama da ita. Wannan janyewa kan ɗaga kuɗin ruwa, nauyin bashin ya ƙaru, har abin da ake gudu ya tabbata. Ailan ta karɓi rancen ceto a watan Nuwamban 2010, Fotugal a watan Mayun 2011. Da kuɗin ruwa a kan bashin Italiya na shekaru goma ya haura kashi bakwai cikin ɗari a watan Nuwamban 2011, Silvio Berlusconi ya sauka daga muƙamin firaminista. Bashin Italiyar a lokacin ya doshi euro miliyan dubu 1,900, wanda ya fi ƙarfin asusun ceton da aka tanada.

Abin lura shi ne, sabon rance da matakan tsuke bakin aljihu ba su kwantar da hankalin kasuwanni ba. Ƙura ta fara lafawa ne bayan ranar 26 ga watan Yulin 2012, da shugaban Babban Bankin Turai na wancan lokaci, Mario Draghi, ya yi alkawari a birnin London cewa bankin zai ɗauki duk matakin da ya wajaba domin kare euro. Shirin sayen takardun bashi da bankin ya sanar a watan Satumban shekarar ba a kai ga amfani da shi ba. Amanar da ya dawo da ita ta wadatar.

Ga ƙasashe irin su Nijar, Kamaru da Chadi, waɗanda kuɗinsu na CFA ke jingine da euro a kan sefa 655.957, batun ya zama na gemun ɗan'uwa da ya kama wuta, domin rushewar euro za ta shafi darajar kuɗinsu kai tsaye.

Su kuwa Girkawa sun ɗanɗana kuɗarsu. Tattalin arziƙinsu ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, rashin aikin yi ya kai kashi 27 cikin ɗari a 2013, kuma sai a watan Agustan 2018 ƙasar ta fita daga shirin ceton.