Mako Uku Ko Shekara Guda? Jiran Takardar Izinin Aiki

Wanda ya bi Titin Zariya da sassafe, daga Gyadi-Gyadi zuwa Tarauni, zai ga nas-nas da ungozomomi suna hanzari zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Da yawa cikinsu 'yan ikkilisiyoyinmu ne. A 'yan shekarun nan, in an tashi sujada, hirar da muke ji a bakin ƙofa ita ce, "Takardarki ta fito kuwa?"

Mu da muke koyarwa mun ga ɗaya gefen al'amarin. An cire yara biyu daga makarantarmu a tsakiyar zango, wai tafiya Ingila saura mako uku. Uwarsu ta ajiye aiki, uban ya sayar da babur. Bayan wata takwas yaran suka dawo aji, an bar su baya a lissafi, gida kuwa bashi ya yi katutu.

Daga ina zancen mako ukun ya fito? Gwamnatin Ingila ce ta ce takan yanke shawara a kan bizar ma'aikacin lafiya cikin mako uku. Amma wannan matakin ƙarshe ne. Kafin a kai nan, sai nas ta ci jarrabawar Turanci, wadda sakamakonta ke aiki shekara 2. Sai majalisar nas-nas ta Nijeriya ta tabbatar da takardunta, ta Ingila kuma ta gwada ta. Sai ta sami asibitin da zai ɗauke ta ya ba ta shaidar ɗaukar nauyi, wadda dole a nemi biza da ita cikin wata 3. Akwai kuma gwajin tarin fuka mai wa'adin wata 6. In mataki ɗaya ya makara, wata takardar sai ta mutu, a sāke biya.

A ƙasar Ailan ma, hukuma tana so a miƙa takardar neman izinin aiki aƙalla mako 12 kafin ranar fara aiki, bayan haka a nemi biza dabam.

Dokoki kuma suna juyawa mutum yana kan layi. A watan Maris 2024 Ingila ta hana masu kula da tsofaffi tafiya da iyalansu. A Yuli 2025 ta rufe ɗaukar irin waɗannan ma'aikata daga waje. Wannan bai shafi nas-nas masu rajista ba, amma duk ɗan kamashon da ya ce zai sayar maka da gurbin kula da tsofaffi, kuɗinka yake so.

To, ƙaƙa gidan Kirista zai yi? Ubangijinmu ya ba da misalin mai gina hasumiya, wanda ya kamata ya zauna tukuna ya yi lissafi (Luka 14). Kada a ajiye aiki sai biza tana hannu. Kada a cire yara daga makaranta saboda jita-jita. A rubuta ranar mutuwar kowace takarda a bangon ɗaki. Miji da mata su shirya tun da wuri wanda zai riƙe yara in ɗaya ya riga tafiya. Kada kuma a yi ƙarya a takarda, ko da an ce kowa yana yi, gama ramin ƙarya ƙurarre ne.

Mu sauran 'yan'uwa, mu rage tambayar "Yaushe za ki tafi?" Gara mu ziyarci masu jira, mu yi addu'a tare da su. Mu tuna da waɗanda suka zaɓi zama su yi jinyar majinyatanmu a nan Kano. Su ma aikin Ubangiji suke yi.