A Amurka ana biyan manomi ya bar gona ta huta, a Gazara fa?

Ka taɓa jin an biya mutum kuɗi don kada ya yi noma? Ba labarin TikTok ba ne. Tun shekarar 1985 gwamnatin Amurka ke biyan manomi kuɗin haya duk shekara idan ya yarda ya daina noma gonar da zaizayar ƙasa ke ci, ya shuka mata ciyawa ko itatuwa, bisa yarjejeniyar shekara 10 zuwa 15. Sun ji jiki ne tun shekarun 1930, lokacin da fari da guguwar ƙura suka kwashe ƙasar gonakinsu.

To, dawo gida. Je ka Gazara ka ce wa Baba ya bar gonar masara ta huta shekara goma, ka ji amsar da zai ba ka. Gonar ce abincin gidan, ita ce kuɗin makarantar ƙannenka, watakila har datar da kake karanta wannan da ita. Ga rake a Makarfi, ga tumatir a Ikara da Kudan, ƙasa ba ta samun hutu rani da damina. Shi ya sa kowace shekara take neman ƙarin taki, kuma ka san yadda buhu yake yanzu.

Abin da ya fi kusa da wancan tsari a nan shi ne ACReSAL. A watan Disamban 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, har da Kaduna, da nufin farfaɗo da hekta miliyan 1 na ƙasar da ta lalace. Amma ka lura da abu biyu. Kuɗin bashi ne a wuyan Najeriya, ma'ana ni da kai za mu biya. Sannan ba "alat" ake tura wa kowane manomi ba: aiki ne na dashen itatuwa, gyaran kwari da tallafa wa ƙungiyoyin al'umma. Don haka idan ka ga wani link a WhatsApp wai ka biya kuɗin fom, bar shi ya wuce.

Ni dai abin da ya fi burge ni yana Maraɗi. A shekarun 1980 wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya ƙarfafa wa manoma su daina share tohon da ke fitowa daga kututture lokacin sassabe, su zaɓi masu ƙarfi su rene su. Ana ƙiyasta kusan hekta miliyan 5 suka farfaɗo a Nijar ta wannan hanya. Gawo kuwa, ai shi a damina yake zubar da ganye, bai hana shuka rana ba, ga taki kyauta.

Sai dai kar mu yaudari kanmu. Matashin da ke sayar da gawayi ba wa'azi zai ci ba. Idan ana so itacen ya tsaya, dole barinsa ya fi sare shi riba, kuma nan ne kuɗin gwamnati ke da amfani. Saboda haka idan kansilanku ya zo, ko kun haɗu a kwament, tambaye shi: wace ƙungiya ce a mazabar Gazara ke cikin ACReSAL, kuma matasa nawa ne a ciki?