Dalilin Da Kaza Ke Yin Ƙwai Mai Laushin Ɓawo

Masu kiwon kaji a gida sukan tsinci ƙwai mai laushin ɓawo, ko wanda ya fito a karkace. Irin wannan ƙwai ba ya sayuwa a kasuwa, ba ya kuma ƙyanƙyasuwa.

Kaza tana ɗaukar wajen awa 25 kafin ta haɗa ƙwai guda, kuma kusan awa 20 daga ciki ɓawon ake ginawa. Kowane ɓawo yana cin kimanin giram 2 na sinadarin kalsiyam. Dawa, gero da dusa ba su da isasshensa. Idan kaza ta rasa shi a abinci sai ta ɗebo daga ƙashinta, har ƙafafunta su raunana.

Saboda haka a ajiye wa kaji garin ƙashi, ko dakakken ɓawon ƙwai da aka gasa, a wani kasko dabam. A bar su su sha hantsi, domin hasken rana yana taimakon jiki ya amfana da kalsiyam. Da bazara a wadata su da inuwa da ruwan sanyi, gama yawan haki yana rage kaurin ɓawo.

Sagarar da ta fara ƙwai, da tsohuwar kaza, sukan yi haka ba tare da ciwo ba. Amma in aka ga tari, koren zawo ko murɗewar wuya, to, alamun cutar Niyukasil ne, wadda kan share akurki cikin 'yan kwanaki. A ware marasa lafiya, a sanar da malamin dabbobi nan da nan. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana yin allurar rigakafinta. A yi wa kaji tun suna lafiya.