Kada a Bar Tsoho Ya Sandare

Maigida, duba tsohon da ke gidanka, ko tsohuwa. Yaya ya ke tashi daga tabarma? In sai ya dafa bango, ko ya kira jika ya ɗaga shi, to, wannan takarda dominku a ka rubuta ta.

Mu kan ce tsoho ya gama aiki, sai hutawa. Mu hana shi ɗaukar buta, mu hana tsohuwa taɓa tsintsiya, muna ganin ladabi ne. Niyyar mai kyau ce, amma tana da ɓarna. Naman cinya da na sha-raɓa, in ba a mora su, su kan zube, gaɓoɓi kuma su sandare. Ƙafa kuwa in ta yi rauni, ɗan tuntuɓe a dokin ƙofa ko santsi a makewayi ya isa ya kā da mutum. Ƙashin tsoho ya kan yi gautsi, balle na mace wadda jinin al'ada ya ɗauke mata. In ƙashin kwatangwalo ya karye, da yawa ba su sake tafiya kamar dā. Wanda ya taɓa faɗuwa kuma tsoro ya kan kama shi, ya ƙara zama wuri ɗaya, ƙafar ta ƙara mutuwa.

Saboda haka a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, wanda ya kai shekara 65 ya riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, watau awa biyu da rabi. Tafiya masallaci da kasuwa da ɗan aikin gona suna iya cike wannan. Amma ta ƙara da cewa, aƙalla kwana 3 a mako, ya yi irin motsin da ke ƙarfafa ƙafa da daidaita tsayuwa.

Mutanen Indiya suna da wata tsohuwar hanya ta yin haka, sunanta yoga. Mutum ya kan tsaya ko ya zauna, ya miƙe gaɓoɓinsa sannu sannu, yana numfashi a natse. Ba gudu, ba tsalle. Asalinta yana haɗe da addinin can, kuma ba wannan mu ke kiranku gare shi ba. Motsin jikin kaɗai mu ka ɗauko, ba addu'ar kowa a ciki. Wani malaminsu, B.K.S. Iyengar na birnin Pune, ya yi suna wajen koya wa marasa ƙarfi su yi da taimakon kujera da bango da ɗamara. Ya rasu a 2014 yana da shekara 95. Irin nasa mai sauƙin shi ya dace da kakanninmu.

Ga yadda za a yi. A zaɓi safiya kafin rana ta yi zafi, kuma ba a kan ƙoshi ba. Tsoho ya zauna a dakali, tsohuwa a bakin gado, inda tafin ƙafa zai taka ƙasa sosai. Kujerar tsugunno ta yi ƙasa da yawa. A miƙe baya, a ja numfashi ta hanci a hankali, a sake shi a hankali, kamar sau 5. Sa'an nan a juya wuya dama da hagu, a ɗaga hannuwa sama iyakar inda ba ciwo, a jujjuya idon sawu.

Bayan haka sai babban aikin. Ya tashi tsaye daga dakalin, ya koma ya zauna a hankali, kada ya faɗa kamar buhu. In ya iya sau 3 yau, ya isa. Nan gaba zai kai 10. Wannan ne ke maido da ƙarfin cinya, wanda mutum ke bukata wajen tashi daga sujada ko daga tsugunno. Sa'an nan ya dafa bango, ya ɗaga ƙafa ɗaya kaɗan daga ƙasa, ya ƙirga 10, ya sauya. Lalle babban mutum ya tsaya kusa da shi, ba ƙaramin jika ba. Kada a yi a kan tabarmar da ke zamewa a siminti, ko da silifa a ƙafa.

Wataƙila kun ga hoton masu yoga sun kifa kai ƙasa, ƙafafu sama. Wannan ba na tsoho ba ne ko kaɗan. Mai hawan jini da mai ciwon ido irin na hawan ruwan ido su guji daɗewa da kai a ƙasa, kada kuma su riƙe numfashi. Mai ciwon baya kada ya tilasta wa kansa sunkuyawa ko murɗa ƙugu. Wanda a ka yi wa aiki kwanan nan, ko mai ciwon zuciya, ya fara tambayar malamin asibiti.

Ɗan tsamin jiki a kwanakin farko ba kome ba ne. Amma in ya ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko numfashi ya sarƙe, a tsaya nan take, a zaunar da shi. In bai lafa ba, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba.