Daga Ina Kuka Ta Samo Asali?

Garin kukar da ake aunawa a kasuwar Jimeta, wanda ake kaɗa miya da shi a gidajen Yola, yana da dogon tarihi. Binciken ƙwayoyin halitta da mujallar Nature ta wallafa a 2024 ya nuna cewa dangin kuka sun samo asali ne a tsibirin Madagaska, inda suka fara rarrabuwa kimanin shekaru miliyan 21 da suka wuce.

Iri takwas ne a duniya. Shida suna can Madagaska, ɗaya a arewa maso yammacin Ostireliya, ɗaya kuma ita ce tamu da ta bazu a Afirka. To, yaya ta tsallake teku? Masana suna ganin igiyar ruwa ce ta kwashi 'ya'yanta, domin ɓawonsu yana da tauri, ga shi ba ya saurin nutsewa. Da ta iso, giwaye da birai da mutane suka yi ta yaɗa ƙwallayenta.

Wasu daga cikin na Madagaska yanzu suna fuskantar ƙarewa. Don kada tamu ma ta bi sahunsu, manoman Adamawa, in ƙaramar kuka ta tsiro a gona, a bar ta ta girma.