Kwamfutar da aka aiko daga Abijan: giga 4 ɗin da dillali ya faɗa na gaske ne?

A birnin Tahoua da garuruwan arewacin Adar irin su Takanamat, da wuya ka shiga gida ba ka tarar ana da wani ɗa a bida ba, ko a Abijan, ko Libiya, ko Aljeriya, ko Legas. Tsarabar da ake aikowa ma ta canza. Bayan atamfa da salula, yanzu har da kwamfutar tafi-da-gidanka, galibi kwance ce da ta gama aiki a wani ofis a Turai. Ƙane ne ya roƙa don ya riƙa haɗa bidiyon biki yana samun na kashewa, ko ɗalibi a Jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua. Yayan ya tara kuɗin watanni ya saya, don dillali ya ce masa katin girafik ɗinta giga 4 ne. Sai ta iso gida, a ɗora mata bidiyo, ta hau tsayawa tana huci.

Ba kullum ne dillalin ya shara ƙarya ba. Sau da yawa lambar da ya nuna tana kan allo, sai dai ba ita ya kamata a duba ba.

Katin girafik iri biyu ne. Akwai mai zaman kansa, irin Nvidia GeForce ko AMD Radeon RX, wanda ke da memorinsa na kansa da ake kira VRAM. Akwai kuma wanda aka gina a cikin furosesa, irin Intel HD Graphics, wanda ba shi da rumbu, aro yake yi daga RAM ɗin kwamfutar. Windows 10 kan ba shi damar aron har rabin RAM. Ke nan kwamfuta mai RAM giga 8 za ta nuna jimillar kusan giga 4, alhali abin da aka keɓe wa katin bai wuce mega 128 ba. HP EliteBook 840 G3, wadda ta cika kasuwannin kwance, yawancinta Intel HD 520 ke ciki, kati na 2015. Tana da kyau wajen rubutu da intanet da kallon fim, amma ba a yi ta don tace bidiyo mai nauyi ba.

Dubawar ba ta cin minti biyu, kuma ba ta buƙatar intanet. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta dxdiag, ka danna Enter. Ka shiga shafin Affichage idan kwamfutar na Faransanci ce, ko Display idan ta Turanci ce. A sama za ka ga sunan katin. A ƙasa akwai lambobi uku: jimilla, da layin da ke ɗauke da kalmar VRAM, da na aro. Layin VRAM shi ne gaskiyar magana. Idan kwamfutar na da kati biyu, na biyun kan fito a wani shafin da ke gefe, don haka kada ka tsaya a na farko. Hanya ta biyu ita ce danna Ctrl da Shift da Esc lokaci guda, ka shiga Performance, ka zaɓi GPU, ka nemi inda aka rubuta dédiée ko dedicated.

Nawa ake buƙata? Kamfanin Adobe ya sa giga 2 a matsayin mafi ƙaranci ga Premiere Pro. Wasan GTA V, da ya fito a kwamfuta a 2015, giga 1 yake nema.

Amma yawan giga kaɗai ba ya nuna ƙarfi, kuma a nan ne ko masu ɗan sani ke faɗawa. Akwai GeForce GT 730 mai giga 4 na tsohon memori DDR3, wanda GTX 750 Ti mai giga 2 ke yi wa fintinkau. Rumbu ne babba, ƙofarsa ƙarama. Shi ya sa sunan katin ya fi lambar muhimmanci: ka rubuta shi a Google ka ga shekarar da aka yi shi. Masu sayen kati na kwamfutar tebur kuma su sauke GPU-Z, manhaja ce ta kyauta da ke iya tona wasu katunan Nvidia na jabu da aka sauya wa suna.

A kwamfutar tafi-da-gidanka, katin a manne yake da allon ciki. Ana iya ƙara RAM, ana iya sauya diski, amma kusan duka ba a iya sauya katin girafik, ko wane gwani ne mai gyaran.

Sai batun wuta, wanda mai saye a Abijan kan manta. Cajar kwamfutar ofis wat 45 zuwa 65 take ja, ta mai kati babba kuwa kan kai 120 zuwa 180. A ƙauyen da faranti ɗaya na sola da batir ne ke riƙe gida, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 a Tahoua, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, kati mai ƙarfi kuwa da ya ji zafi sai ya rage gudu da kansa. A ganina, wanda rubutu da lissafi kawai zai yi a Takanamat, ƙaramar ta fi masa.

Idan kai ne a gida, kafin yayanka ya biya, ka ce ya turo maka hoton shafin dxdiag da na bayan caja ta WhatsApp, yana tsaye a shagon.